Yadda zaka karanta ruwan teku ka gane inda kifin tuna yake

Jama'a assalamu alaikum. Wannan rubutun ya samo asali ne daga wata tambaya da wani ɗan uwa ɗan kasuwa ya min a Ijora, wajen da muke sarin kifin ƙanƙara. Ya ɗauko gwangwanin tuna yana juyawa yace min, Alhaji wai mu da muke zaune a bakin teku me yasa duk gwangwanin da na ɗauka sai inga an rubuta Gana ko Tailan, babu shi ne a ruwanmu? Daga baya na gane so yake ya zuba kuɗi a jirgin kamun kifi, shi yasa nace bari in zauna in rubuta abin da na sani dalla-dalla, dan kuɗin inji da mai ba kuɗin wasa bane yanzu.

Ni ɗan gidan sarkawa ne daga Yawuri, na taso ina ganin taru da mamari da koma, kuma a kogi in kace wa mutum ga gurbin giwan ruwa to gurbin yana nan bana yana nan baɗi. Teku ba haka take ba. Tuna ba shi da gurbi, irin ruwa yake bi. Duk inda ruwan da ya dace da jikinsa ya koma can zai koma, ko da kilomita ɗari biyar ne. Saboda haka ruwan zaka koyi nema, in ka samu ruwan kifin yana kusa.

Mataki na farko, ka san wanda kake nema

Tuna ba iri ɗaya bane, kuma kowanne da ruwan da yake so. A wannan yanki namu na mashigin tekun Gini manyan guda uku ne. Akwai sikifjak, ƙarami ne, galibi kilo 2 zuwa 5, yanada zane-zane baƙaƙe a tsawon cikinsa, shine yafi yawa a cikin gwangwani, kuma a duniya baki ɗaya cikin kusan tan miliyan 5 na tuna da ake kamawa a shekara fiye da rabi shine. Akwai yalofin mai rawayen fukafukai, wannan yana iya wuce kilo 100. Sai mai ƙaton ido, shima babba ne, mazaunin zurfi. Bayan su akwai ƙananan dangi da suke matsowa kusa da gaɓa, masu duhun nama, wasu da ɗige-ɗige a ƙarƙashin fiffiken gefe, su ne kake yawan gani a kwale-kwalen masunta 'yan Gana da Egun in sun dawo, a Orimedu ko Badagiri. Shi kuma bulufin ɗin nan da ake gwanjonsa da tsada a Japan ka cire shi daga lissafi, ba kifin da zaka fita nema a nan bane, yafi zama a arewacin Atlantika da Bahar Rum.

Abu ɗaya da ya haɗa su duka shine basa tsayawa. Tarwaɗa zata kwanta a laka tana numfashi abinta, shi tuna sai yana tafiya baki a buɗe ruwa yana ratsa ta kunnuwansa, wato jajayen abin numfashin nan na gefen kai, sannan yake samun iska, in ya tsaya ya shaƙe. Kuma jikinsa yana riƙe zafin da tsokarsa take haifarwa, har yafi ruwan da yake ciki ɗumi. Halitta irin wannan kamar inji ne da ba'a kashewa, yana shan iskar oksijin da yawa kuma yana cin abinci da yawa. Ka riƙe wannan, dan duk sauran bayanin daga nan ya fito.

Mataki na biyu, zafin ruwan sama

Ka sayi ma'aunin zafi, ko na hannu mai araha, ka ɗebo ruwa da bokiti ka tsoma shi a inuwa. Sikifjak yana yawo a ruwan da yake tsakanin digiri 20 zuwa 30, yalofin ma kusan haka, baya son ya daɗe a ƙasa da digiri 18, kuma basa hayayyafa sai a ruwan da ya kai wajen digiri 24 zuwa sama. Ruwan gaban Legas mafi yawan shekara yana wajen 27 zuwa 29, sai a tsakiyar damina ya ɗan sauka. Kaga kenan ta ɓangaren ɗumi bamu da matsala, ruwanmu ya musu daidai.

Amma lambar ita kaɗai bata isa ba. Abin da zaka sa wa ido shine inda lambar take canzawa da sauri. Kana tafiya kana auna 28, 28, 28, sai cikin ɗan gajeren nisa ka ga 27 ko 26 da rabi, to ka rage gudu, ka iso kan iyaka tsakanin ruwa biyu. A irin wannan iyakar ƙananan halittu suke taruwa, shara da kumfa da ciyayi suna yin layi a saman ruwa, ƙananan kifaye suzo ci, tuna kuma yana bin gefen da yafi ɗumi yafi tsabta yana kai farmaki. Ko bambancin rabin digiri kar ka raina.

Mataki na uku, wanda nafi so ka fahimta

A nan zan ɗan daɗe. Duk wanda ya taɓa nutso a tafki da rani ya san sama ɗumi, in ka nitsa ƙafarka zata ji sanyi. To a teku abin yana da tsari sosai. Akwai ruwan sama mai ɗumi wanda iska da igiyar ruwa suke gaurayawa, sannan akwai wani wuri da zafin yake faɗuwa farat ɗaya cikin 'yan mitoci, ƙarƙashinsa kuma sanyi ne har ƙasa. Ni katangar sanyi nake kiranta. Ga sikifjak da ƙananan yalofin wannan katangar kamar daɓen ɗaki ce, suna iya leƙawa ƙasa na ɗan lokaci amma sai su dawo sama.

Yanzu ga inda Allah ya mana gata. Iskar da take kaɗawa a kan layin ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu, daga gabas zuwa yamma tana tura ruwan ɗumi ya taru can wajen Barazil, sai katangar tayi zurfi a can, a namu ɓangaren na Afirka kuma ta taso sama, sau da yawa mita 30 zuwa 50 kawai daga saman ruwa. Ma'ana kifin da a wani wuri zai watsu cikin zurfin mita 100 ko fiye, a nan an matse shi cikin siririn ɗaki kusa da sama. Shi yasa manyan jiragen taru na Faransa da Sifen da Gana suke aiki a wannan yankin. Tarunsu tsawonsa ya kan wuce kilomita ɗaya da rabi, zurfinsa wajen mita 200, suna zagaye garken kifin su tsuke gindin tarun kamar bakin jaka, kuma kafin a gama tsukewa abin da yake hana kifin nutsewa ya gudu ta ƙasa shine wannan sanyin. In katangar tayi zurfi kifi ya kan sulale ta ƙasa a tashi a tutar babu.

Ba sanyi kaɗai ke ƙasan ba, akwai ƙarancin iska. A gabashin Atlantika, musamman wajen Sanigal da tsibiran Kef Bade a arewa da kuma Angola a kudu, akwai faffaɗan ruwa a 'yan ɗaruruwan mitoci ƙasa wanda oksijin ɗinsa yayi ƙasa sosai, saboda matattun ƙananan halittu da suke nutsewa suna ruɓewa suna cinye iskar. Sikifjak shine yafi kowa rashin jure wannan. Mai ƙaton ido kuwa jininsa yana kama iska ko da kaɗan ce, idonsa yana gani a duhu, shi yasa da rana yake sauka mita 300, 400 har 500 yana bin ƙananan kifaye da dangin sukwid, halittar teku mai laushin jiki da hannaye da yawa, lokaci-lokaci ya hauro ya ɗumama jiki ya koma, da dare kuma abincin nasa ya taso sama shima ya biyo shi. Masu kama shi da dogon mamari na teku, wanda igiyarsa ke iya kai kilomita 100 da ƙugiyoyi dubbai, suna saukar da ƙugiya can ƙasa da rana saboda wannan dalilin.

Yaya zaka gano zurfin katangar? In jirginka yana da eko sanda, na'urar nan mai nuna ƙarƙashin ruwa, ka ƙara mata ƙarfin ji, sau da yawa zaka ga wani siririn layi kamar hazo a kwance a wani zurfi, yawanci ita ce. In babu, ga dabarar talaka: ka cika kwalbar roba da ruwa ka saka ma'aunin zafi ciki, ka ɗaura mata dutse da igiyar da ka yi wa ƙulli duk mita 10, ka sauke zuwa mita 20 ka barta ta daɗe har ruwan ciki ya ɗauki zafin wajen, ka jawo da sauri ka karanta. Ka maimaita a 40, a 60. Inda lambar ta faɗi da yawa, nan ne. Yana cin lokaci amma ko sau ɗaya kayi a tafiya ka san zurfin da zaka sa ƙugiyarka, wato daidai saman katangar ko cikinta, dan a nan manyan yalofin suke son kewayawa.

Mataki na huɗu, launin ruwa

Tuna da ido yake farauta, baya son ruwa mai dauɗa kuma baya son ruwan da gishirinsa ya tsinke. Ruwan teku na sosai yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita. To ka tsaya a Tarkwa Bay da damina ka kalli abin da yake fitowa daga lagun, babban tafkin nan na Legas, ta mashigin da jirage suke bi zuwa Apapa, ruwa ne ja-ja mai laka da kainuwa da leda. In ka yi gabas wajen Neja Delta abin ya ninka, ruwan Kwara da Binuwai duk can yake zuba, ga ruwan sama mai yawa na wajen Kalaba da Kamaru. Wannan ruwan yana da albarkarsa, shine yake ciyar da jatan lande da bonga da kuroka, amma ba ruwan manyan tuna bane.

In ka fita zaka ga launi yana canzawa, daga ja-ja zuwa kore, daga kore zuwa kore mai haske, sannan shuɗi tas kamar an zuba bula. Koren nan ƙananan tsirrai ne da ido baya gani ɗaya-ɗaya, su ne tushen abincin teku gaba ɗaya. Shuɗi tas kuma yana da tsabta amma sau da yawa fayau yake babu abinci. Saboda haka inda kake so shine bakin haɗuwarsu, ta gefen shuɗin. Dan ka auna tsabtar ruwa ka samu farin faranti ka huda tsakiya ka sa igiya da nauyi, ka sauke ta gefen jirgin da inuwa take, ka ga a mita nawa ya ɓace maka. In ya ɓace a mita 4 ko 5 ka ci gaba da tafiya. In kana hangensa har mita 20 ko fiye ka shigo ruwansu.

Mataki na biyar, lissafin watanni

Ruwa baya tsami banza, kuma dalilin da yasa Tema ta Gana da Abijan ta Kwaddibuwa suka zama garuruwan tuna yana cikin wannan matakin. Daga wajen Yuli zuwa Satumba, a gaɓar Gana da Kwaddibuwa ruwan sanyi na ƙasa yana tasowa sama, zafin ruwan gaɓa ya faɗo har kusan digiri 20 zuwa 22, kuma wannan ruwan ƙasan cike yake da sinadarai kamar taki. Yana haɗuwa da hasken rana sai tsirran nan su yi yabanya, ƙananan kifaye irin sardin da ancobi su cika ruwa. Akwai wata ƙaramar tasowa kuma wajen Janairu da Fabrairu. A daidai tsakiyar shekara ɗin kuma kan layin ikwaita kansa ruwan sanyi yana tasowa ya miƙe kamar harshe daga wajen Gabon yayi yamma. Gudun ruwan Gini da yake bin gaɓa daga yamma zuwa gabas yana ɗan kawo mana ragowar wancan sanyin, shi yasa a Agusta ruwan Legas yake ɗan sanyi, amma tasowar bata da ƙarfi a namu ɓangaren kamar a Gana.

Ka lura da wani abu da mutane suke kuskure. Tuna baya shiga tsakiyar ruwan sanyin da ya taso, kuma baya zuwa ranar da ya taso. Sai tsirrai sun fito, ƙananan halittu sun ci sun yi yawa, ƙananan kifaye sun taru, wannan yana ɗaukar makonni, kuma a lokacin gudun ruwa ya riga ya ja abincin zuwa wani wuri. Kamar dai makiyayi ne, ba ranar da aka yi ruwan farko yake kai shanu ba, sai ciyawa ta fito.

Manyan jirage da wannan kalandar suke yawo. Daga wajen Disamba zuwa Afrilu manyan yalofin suna taruwa a ruwan ɗumi kusa da ikwaita dan hayayyafa, mashigin tekun Gini yana cikin manyan wuraren haihuwarsu a Atlantika. Tsakiyar shekara jirage su gangara wajen Kef Lofez a Gabon inda ruwan sanyi da na ɗumi suke karo, wasu kuma su haura Sanigal da Muritaniya lokacin da ruwan can ya ɗumama.

Mu masu ƙaramin jirgi a Legas akwai wani lissafin da ya danne wannan, wato lafiyar teku. Daga Yuni zuwa Satumba igiyar ruwa tana zuwa da ƙarfi daga kudancin Atlantika, fita da shigowa ta bakin gaɓa kansa hatsari ne. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris teku tafi kwanciya, ruwan lagun ya ragu, shuɗin ruwa ya matso kusa, saidai hazon hunturu yana rufe gani, dole ka riƙe GPS da kamfas. A ganina wanda zai fara, ya fara a wannan lokacin.

Kuma shekara bata zama lallai kamar 'yar uwarta. A tekun Fasifik, inda fiye da rabin tunan duniya yake fitowa daga yammaci da tsakiyarta, in shekarar sauyin yanayin da ake kira El Nino tazo ruwan ɗumi yana malalowa gabas, sikifjak ya bi shi dubban kilomitoci, jirage su bi su. A 1997 zuwa 1998 a tekun Indiya katangar sanyi tayi zurfi a yamma har jiragen da suka saba aiki wajen Seshel suka koma gabashin tekun. Namu ma akwai shekarun da tasowar sanyin take rauni. Irin wannan yana taɓa farashin gwangwanin da ke kan shelf a Agege.

Mataki na shida, ƙasan teku

Daga gaɓa ƙasa tana gangarawa a hankali har zurfin mita 100 da wani abu, sannan ta faɗa rami farat ɗaya zuwa dubban mitoci. Wannan bakin gangaren wajen tuna ne, dan gudun ruwa in ya bugi gangare yana tayar da abinci. Gaɓar Najeriya kusan kilomita 853 ce, kuma a ɓangaren Legas ne wannan dandamalin, wato ƙasan da ke tsakanin gaɓa da bakin gangaren, yafi siranta, yana ƙara faɗi in ka nufi Delta da Kalaba. Kenan ɗan Legas yafi ɗan Bonny ta jihar Ribas kusa da ruwa mai zurfi. Akwai ma wani kwazazzabo a ƙarƙashin ruwa gabas da Legas da ake kira Avon, da wani wajen Mahin a Ondo, suna nan a taswirar jirage. Ka samu taswira mai nuna zurfi ka yi wa layin zurfin mita 100 da na 200 alama a GPS ɗinka. Cibiyar NIOMR ta binciken teku tana nan Victoria Island tun 1975, wanda yake shirin zuba kuɗi da gaske ya taka ya je ya yi tambaya.

Tsibirai da duwatsun ƙarƙashin ruwa ma haka suke tara kifi, shi yasa ruwan Sao Tome yake da tuna sosai. Dandamalin haƙar mai na cikin teku suma kifi yana taruwa a gindinsu, amma akwai dokar nisan mita 500 kewaye da su kuma akwai jami'an tsaro, dan Allah kar kwaɗayi ya kai ka.

Mataki na bakwai, duba waya kafin ka sayi mai

Wannan a gida zaka yi, kyauta. Manhajar Windy tana nuna iska da tsayin igiyar ruwa da zafin saman teku. Shafin Copernicus na Turai da Worldview na NASA suna nuna hoton tauraron ɗan'adam na zafin ruwa da yawan koren tsirran nan. Ka nemi inda launuka biyu suka haɗu kusa da layin mita 200, ka ɗauki lambobin wajen. Matsalar ita ce gajimare da hazo suna rufe wa tauraron ido, da damina zaka iya kwana da yawa babu hoto mai kyau, kuma iyakar da ka gani jiya yau ta matsa. Sai kuma Global Fishing Watch, taswira ce da take nuna inda manyan jiragen kamun kifi suka yi aiki a watannin baya, ka zauna ka ja ta wata-wata na shekara guda zaka ga kalandar da na faɗa maka tana motsi a gabanka.

Mataki na takwas, ido a kan ruwa

In ka isa, tsuntsaye ne jagororinka. Tsuntsun da yake tafiya shi kaɗai a sama yana nema ne kamar kai. Waɗanda suka taru suna faɗawa ruwa suna tashi, akwai kifin da ya koro ƙananan kifaye sama. In kaga ruwa yana tafasa kamar tukunya to sun fito. Kar ka kutsa tsakiyarsu da inji, zasu nutse, ka zagaya ta gaba ta inda suka nufa ka bar ƙugiyoyin da kake ja a baya su ratsa gefen garken, gudu matsakaici kamar not 6 zuwa 8 a ma'aunin gudun jirgin ruwa. Sassafe da yamma liƙis sun fi ci.

Sannan duk abin da yake yawo a saman ruwa ka duba shi, gungumen icce, tsohuwar igiya, tarin ciyawa. Tuna yana son taruwa ƙarƙashin abu mai iyo. Duk wanda ya ga akaja a lagun, rassan da masunta suke kafawa kifi ya taru, ya gane dabarar. Manyan kamfanoni yanzu suna ƙera nasu, gora da raga da na'ura mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam tana gaya musu inda take da yawan kifin da ke ƙasanta. Abin da yake damuna da wannan shine ƙarƙashinsu ba sikifjak kaɗai bane, jariran yalofin da na mai ƙaton ido suna cakuɗe a ciki, ana kwashe su tun basu haihu ba. Hukumar ICCAT mai kula da tunan Atlantika, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a 1966 kuma ofishinta yana Madrid, Najeriya ma mamba ce, ta kan hana sa taru a kan waɗannan abubuwan na wasu makonni a cikin shekara saboda haka. In ka tsinci irin wannan na'urar a ruwa kana iya jefa ƙugiya kusa da ita amma kar ka cire ta, tana da mai ita kuma yana ganin inda take.

Ciyawar sargasum mai ruwan ƙasa da ta fara mamaye gaɓarmu tun 2011 ita kuma fuska biyu gare ta, in layi ce siririya ƙananan kifaye suna fakewa ciki ka bi gefenta, in ta yi yawa ƙugiya da raga da farfelar inji duk zata cushe su.

Bari in ɗan ratse. Kifin da kamfanin gwangwani ya ƙi karɓa a Abijan, ƙanana da waɗanda suka ƙuje, shi ake sayarwa a gari a soya a ci da acheke, wato dambun rogo, abincin da suke kira garba, kuma ana cewa sunan ya fito ne daga 'yan uwanmu mutanen Nijar da suka fara sana'ar. Kenan Bahaushe ya daɗe da shiga kasuwar tuna ta can. A Tema kuma an daɗe ana aiki da jirage masu kama shi da sanda da ƙugiya, suna watsa ancobi masu rai suna fesa ruwa kifi ya ruɗe. Mu a nan manyan jiragenmu na Kirikiri da Apapa mafi yawa na jan raga ne a ƙasa dan jatan lande, a kan dandamalin gaɓa suke aiki, alhali ruwan da doka ta bamu ya kai mil 200 na teku. Amsar tambayar ɗan uwana kenan, kifin yana ratsa ruwanmu, jiragen binsa da kamfanin gwangwani ne suke can ƙasashen waje.

Mataki na tara, ƙanƙara

Ka tuna nace jikinsa yafi ruwa ɗumi, ga shi ya yi kokawa kafin ya hau jirgi, ga ranar Legas. Yana hawa ka buge shi a ka, ka yanka bayan fiffiken gefe jini ya fita, ka cire kunnuwa da kayan ciki, ka tsoma shi cikin ƙanƙara da aka dama da ruwan teku, ka cusa wata a cikinsa. In ka bar shi a zafi na sa'o'i namansa yana tara wani sinadari da ake kira histamin, wanda ya ci fuskarsa tayi ja, jiki yayi ƙaiƙayi, kai yayi ciwo, wani har amai da gudawa, kuma dahuwa ko suya ko banda basa kashe shi. Na taɓa sayen wani babba a hannun wasu masu kwale-kwale da suka dawo ba ƙanƙara, ido ya nuna lafiya lau, aka yi banda aka ci a gida, yara biyu suka kwana suna susa har sai da muka je asibiti. Tun ranar in zan saya sai na tambaya awa nawa da kamawa, in buɗe kunnen inga ja ne jawur, in danna naman inga ya dawo, in sa hannu a cikin cikin inji sanyi. Ka lissafa ƙanƙara mai yawa kamar nauyin kifin da kake sa ran kamawa, kar ka tsuke hannu a nan.

Kafin ka fita nesa kuma, rigar hana nutsewa ga kowa, injin ko-ta-kwana, ruwan sha, rediyon jirgi dan sabis ɗin waya yana ɗaukewa, ka gaya wa mutanen gida inda ka nufa da lokacin dawowa. Ka bincika maganar rajista da lasisi a sashen kamun kifi na tarayya. Ka lura da iyaka, daga Badagiri ruwan Benin ba nisa. Kuma tafiyar farko da ta biyu da ta goma kar ka yi su sai da masuncin teku wanda ya san bakin gaɓar, sanin kogi daban yake.

Na ƙarshe, ka sayi ƙaramin littafi ka sa shi a leda. Duk fita ka rubuta kwanan wata na bature da na Musulunci dan ka san hasken wata, lambar GPS, zafin ruwa, mita nawa faranti ya ɓace, launin ruwa, inda gudun ruwa ya nufa, ko ka ga tsuntsaye, da abin da ka kama da nauyinsa. Ranar da baka kama komai ba ita ma ka rubuta da duk waɗannan bayanan. In ka fasa cikin kifi ka duba me ya ci, sardin ne ko kifi mai tashi ko sukwid ko ƙananan jatan lande, ka rubuta, sannan fita ta gaba ka zaɓi abin yaudarar kifi da ake sawa a ƙugiya mai girma da launi irin wannan.